Rugugin da ke Ƙarƙashin Ɗakina

Litinin, 2 ga Oktoba, 2006

Fasto Whitlock ya zo har gida. Ya sha shayi, ya yaba labulena, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: wai in huta da kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan na coci. Ashe jiya mawaƙa sun kai ƙarshen waƙa ni ina can tsakiya, ban sani ba. Tun ina budurwa nake kan kujerar nan. Na ce masa na gode. Me zan ce? Tun bara likita ya ce kunnen yana tafiya, ni ce na yi taurin kai.

Laraba, 4 ga Oktoba

Ban fita ba.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Da la'asar kofunana suka kama rawa a kan kanta. Na ɗauka girgizar ƙasa ce, a unguwarmu ta Croydon kuwa. Na sauka da silifas. Ashe sabuwar maƙwabciyar ƙasa ce, Corinne, direbar motar ɗaukar marasa lafiya. Mace da hankalinta, ga lasifika biyu a falo kowace ta kai firji. Na ce mata wannan ba kiɗa ba ne, injin wanki ne ya lalace.

Ta yi dariya, ta matso don in ga bakinta. "Anti Icilda, dubstep ake ce masa. A unguwar nan aka haife shi."

Na ce to a unguwar nan za a binne shi.

Sai da na hau bene abin ya faɗo mini. Rediyo ba na ji, ƙararrawar ƙofa ba na ji. Wannan ta ina ya shigo?

Lahadi, 8 ga Oktoba

Na zauna a baya a coci. Bakuna suna buɗewa suna rufewa kamar na kifi. Wai waƙa.

Talata, 10 ga Oktoba

Mista Pargeter na saman bene yana tara mutane don a sa mai gida ya kori Corinne. Za a yi zama ranar Asabar ta sama. Na ce ina tare da su.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Yau na sauka wurin Corinne.

Na sauka ne don in gargaɗe ta, kada ta ce an yi mata munafunci. Ba ta yi gardama ba. Ta kama hannuna kawai ta ɗora a jikin lasifika, ta saka faifai. Da fari ba komai, ɗan ƙwas-ƙwas can nesa. Sai abu ya faɗo. Ya bi ta tafin hannuna, ya ratsa haƙarƙari, ya zauna a ciki yana juyi a hankali, kamar hadari ya sauko cikin mutum. Irin sautin can na ƙasa da nake takawa da ƙafa a ogan, wanda ke sa benci ya yi makyarkyata. Kuma yana hawa yana sauka. Ina bin sa. Ni da na fid da rai, ina bin kiɗa.

Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini tsumman goge kwano. Gargaɗin ma ban yi ba.

Asabar, 14 ga Oktoba

Corinne ta kai ni shagon faya-fayai a bayan kasuwa. Samari cike, kowa ya rufe kai da hular riga, ba mai rawa, sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Na ƙanƙame jakata. Wani ƙato ya taso, na ce yau na shiga uku, ashe kujera ya kawo mini, ya ajiye ta daf da lasifika. Na sayi faifai ɗaya. Ba ni da abin saka shi.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Yaya Verna ta zo da miyar akuya, ta ga faifan. "Icilda, girma ya zo hankali ya tafi? Ke da ko tafi ba kya bari a yi a coci?" Na ce na maƙwabciya ne. Allah ya yafe mini.

Asabar, 21 ga Oktoba

An yi zaman a falon Pargeter. Corinne ta zo da rigar aiki, fuska duk gajiya, ba ta da inda za ta koma in an kore ta. Pargeter ya ce ni ce a saman ɗakinta, ni na fi kowa shan wahala, in yi bayani. Kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Ni kurma ce, Mista Pargeter. Me zan ji?"

Matarsa ce ta fara dariya. A ƙarshe aka tsaya a kan ba kiɗa bayan cin abincin yamma. Ni kaina na yi mamakin bakina. Pargeter ya daina gaishe ni.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Corinne tana aiki wuni guda, ta bar mini makulli in ba kyanwarta abinci bayan coci. Na ba ta. Na ɗan zauna don ƙafata, ba don komai ba. Maɓallin kiɗan na gefen dama ne, ba wuya. Na ɗan ƙara shi kaɗan.

Wai Pargeter ya yi ta buga ƙofa. Ban ji ba.