Fararen Kajin Inna

Zuwa ga Yaya Asabe, gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina maigida da yara, yaya zaman baƙunci can gabas? Mu nan Ƙofar Marke lafiya lau, sai kewarku tun shekarar zuwan Nasara.

Kin tuna fararen kajin Inna da kika bar mini? Kowace shekara farare na raguwa, har kusan duka suka koma launin ƙasa. Sai na ce maƙwabciyarmu Goggo Hajo ke musanya mini 'yan tsaki. A gidan suna na faɗa, gaban mata.

Shekaranjiya ina sussuka, shirwa ta kawo sura. Ta tsallake masu launin ƙasa da suka lafe, ta sure farin ɗan tsako tilo da ya rage. Ashe fari take hangowa, waɗanda ta bari kuma su ke ƙyanƙyasar irinsu.

Yaya, kunya ta hana ni leƙa zaure. Jiya kuma Goggo ta aiko mini da farar kaza, wai kada irin kajin Inna ya ɓace.

Ki gaida kowa. Ki roƙa mini Allah in iya haɗa ido da ita.

Ƙanwarki, Ige