Mai Riƙe Igiya

Zuwa ga Apa, mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Yaya matata Aizada da jaririn? Safar ulun da kika saƙa ta iso, Allah ya saka da alheri.

Ni lafiya lau nake a nan Petersburg ta ƙasar Rasha, kada ki sa damuwa. Aikin dai shi ne wanda kika sani: ƙanƙara ta daskare a indararo, mu hau rufin bene hawa shida mu farfasa ta da gudumar katako, don ƙarfe yana huda kwano. Nakan ɗaura igiya a ƙugu, abokin aikina Ermek ya riƙe ɗaya bakin. Jiya santsi ya ɗan kwashe ni, ba wani abu ba ne. Da ya jawo ni sai ya ce, "Kai jaki, in za ka faɗi ka bari mu gama wannan layin tukuna!" Muka yi dariya.

Kin tambayi ranar dawowata. Fasfona yana hannun ubangidanmu na wurin aiki. Na je karɓa, ya ce, "Sai ƙanƙara ta narke." Bara ma haka ya ce.

Aizada ta rubuto cewa ta gan ki a kan tsani kina share indararon gidanmu. Apa, ni ne autanki, a al'adarmu aikina ne wannan, ga ni nan ina yi wa waɗanda ko sunana ba su sani ba. Don Allah kada ki sake hawa. Ke ba ki da mai riƙe miki igiya.

Ɗanki,
Talant