Zaren Awon Kai

Garin Babban Mutum, Rajab, 2002

Zuwa ga Yaya Amadu, Katsina.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Rahmatu da yara. Mu ma lafiya, sai kewar maigidan da har yau ba ta sake ni ba.

Bayan gaisuwa, an raba gadon maigidan, Mainasara. Dokin nan Akawal, wanda ya kayar da shi a hanyar kasuwar Mai'adua, ya faɗo a rabon ɗan naka na wajena. Na so a sayar, baffanninsa suka ƙi. Ka san yaron a Daura ya tashi wurin kakarsa, bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Yanzu an tura shi koyarwa wani ƙauye da rairayi ya hana babur shiga, ya ce da dokin zai riƙa zuwa.

Yaya, ni na ga kan Mainasara ranar da aka shigo da shi. Wallahi ba zan iya ganin na biyu ba. Kai da kake kiwon dawakin masu wasan folo, ka nemo masa irin hular kwanon da suke sawa. Maƙwabcinmu Ɗantsoho ya ce zai ba da tasa ta acaɓa, ban sani ba ko za ta yi. Ka ce daga gare ka ta fito. Ɗan fari ne, ka san ba na iya yi masa irin wannan magana.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hadijatu

Katsina

Dije,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mainasara, ya ba ki haƙuri. Direban Baure ya kawo min takardarki.

Ki gode wa Ɗantsoho, amma ya riƙe kayarsa. Ta babur nauyi gare ta, tana toshe kunne, shi kuwa sabon mahayi sai yana jin abin da doki ke ji. Ta gwanjo ma ba zan saya ba. Hular da ta taɓa shan ƙasa ta gama aiki, ko da ba a ga tsagar a waje ba.

Abu ɗaya nake so daga gare ki: awon kan Hafizu. A samu zare, ya cire hula, a zagaya daga saman gira kaɗan, ta saman kunnuwa, har ƙeya, a ƙulle inda ya haɗu. Kada kuma a yi min irin ta kayan Sallah, a ƙara don yaro ya girma a ciki. Wannan in ta yi yawa, gara babu.

Yayanki, Amadu

Babban Mutum, Sha'aban

Yaya Amadu,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Hular da ka aiko bisa zaren da na tura ta iso, Allah ya saka da alheri. Yana sawa kullum don ganin girmanka.

Sai dai shekaranjiya hankalina ya tashi. Zabi suka tashi a gaban Akawal wajen korama, ya zabura. Hular ta zamo ta rufe wa ɗan naka ido, bai ga reshen gawo ba, ya faɗo. Kafin ya kai ƙasa ta koma ƙeya. Goshinsa ya fashe, an ɗinke a asibitin Baure. Da aka shigo da shi jini har wuyan riga, na shige ɗaki. Ina bayan labule ina ji, matan gida ne suka wanke masa.

Jiya ya tashi, wai yana warkewa zai koma hawa. Anya hular nan ta kirki ce kuwa?

Ƙanwarka, Hadijatu

Katsina

Dije,

Bayan sallama. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya nan.

Hular ta kirki ce. Awon ne ba na kirki ba. Tun ranar da zaren ya zo na yi mamakin tsawonsa, na ce ƙila yaro ya gaji uba. Yau na auna shi a tsohuwar hular da Mainasara ya manta a ɗakina, ya zauna cif. Na tuna ran addu'ar arba'in na ga Hafizu da hular babansa, tana sauko masa har kunne. Ita kika ɗauko daga jikin ƙusa kika auna, ko ba haka ba? Haba Dije! Kan mamaci kika aiko min.

Na san kunya. Uwa ɗaya ta haife mu, ni ma ɗan fari ne, har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma ni ba a ɗora ni kan dokin da ya kashe ubana ba. Ba na cewa ki yar da al'ada. In hannunki ba zai iya ba, ki sa baffansa ko wanzami ya auna. Waccan hular kwanon ta sha ƙasa, a jefar. Kada ya kusanci sirdi sai sabuwa ta zo, kuma in ta zo ya girgiza kai kafin ya ɗaure maɗaurin haɓa. In ta motsa, a dawo min da ita.

Ki yi haƙuri da zafina. Tsoro ne.

Amadu

Babban Mutum, Ramadan

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Gaskiyarka.

Ban kira wanzami ba. Bayan la'asar na ce ya shigo ɗakina, ya durƙusa, na ce ya cire hular. Ya ɗago ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Rabon hannuna da kan nan tun askin suna. Na zagaya zaren, shi kuwa ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Da na zo kan ɗinkin na bi a hankali. Matan gida sun leƙo, su faɗi abin da za su faɗa.

Ga shi nan a ƙulle, ban ƙara ba, ban rage ba. Awon kan ɗana ne, Hafizu.

Ƙanwarka, Hadijatu