Rasuwar Baba Hamajoda, Wanda Ya Fara Jin Ɗan Kurmi a Mayo Lelewal

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Bibiyar Tsuntsaye ta Tudun Adamawa, reshen Tinyer, ta samu labarin rasuwar dattijonta, ɗaya daga cikin iyayen da suka kafa ta, Alhaji Hamajoda Wajiri, tsohon jami'in allurar shanu, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin Talata a gidansa da ke Galim, yana da shekara saba'in da takwas.

Marigayin ya koyi tsuntsaye ne wajen bin garke, domin shekara talatin ya yi yana ratsa kurmin bakin rafuka da akwatin allura a bayan babur, har ya kai yana rarrabe kukan tsuntsu goma bai ɗaga kai ba. Mafi yawanmu a hannunsa muka koyi yin shiru a daji.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Baba ya kawo rahoton cewa ya ji ɗan kurmi, wannan mitsitsin tsuntsu mai ruwan toka da farin maƙogwaro da duk muka ɗauka ba ya wuce kudancin tudu, yana kuka can nesa da gonarsa a Mayo Lelewal. Dokarmu kuwa ita ce ba a shigar da sabon wuri a littafin ƙungiya sai mambobi biyu sun shaida. Sau tara muka je, tsuntsun ya yi gum. Mai wannan sa hannu ya fi kowa musu, har na taɓa ce masa a gaban taro tsufa ne ke yi masa fito a kunne, ya yi dariya ya ce, "Njidda, kunnena ya tsufa, amma bai fara ƙarya ba." Abin yana cin sa, mun sani, don mutum ne da bai saba a yi shakkar maganarsa ba.

Bara da damina, a zuwa na goma, muna zaune a zaurensa muna kwaikwayon kukan, sai uwargidansa, Dada Astajam, ta shigo da ƙwaryar kindirmo ta ce, "Wai wannan ne kuke ta wahala a kansa? Ba haka yake yi ba, 'ya'yana, sau uku yake yi ya huta. Kullum yana bisa kanmu a wurin wanki." Ashe tsuntsun ya yi sheƙarsa ne a mashayar mata, inda namiji ba ya taka ƙafa, mu kuma da iliminmu da madubin hangen nesanmu ba wanda ya taɓa tambayar mace ɗaya a gidan. Nan take muka rubuta ta mamba, matan unguwa suka ba mu izinin safiya guda, muka je muka gan shi, ma'aurata biyu har da 'ya'ya. Da na nemi gafarar Baba, ya ce ya yafe tun tuni, amma ni zan rubuta shafin da hannuna, sunan Dada a sama, nasa a ƙasa.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Dada Astajam, da 'ya'yansa bakwai, da jikoki, da ɗaukacin jama'ar Galim. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalansa juriyar wannan rashi. Muna kewarsa ƙwarai, amma zuciyarmu ta yi sanyi, domin Allah Ya ja kwanansa har ya sa tabarau ya karanta shafin nan da kansa, sau biyu, sannan ya dube ni ya tambaya ko kunnena ƙalau.

Sa hannu:
Malam Njidda Bakari Sambo
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya, reshen Tinyer