Allurar boksin Baba

Yaya Bilyamin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a aikin da ya riƙe ka can Jidda. Mu nan alhamdu lillahi, an sako ruwa a hawasha, gonarmu ta ban ruwa, autanmu Salih ya gama shukar dawa, ƙanwarmu Ilham ta yaye ɗanta. Sai dai idon Iya, yanar sai ƙaruwa take yi.

Abin da ya sa na rubuto maka, maganar tsohon boksin marigayi Baba ce, a-kori-kurar nan tasa. Allurar nan mai nuna juyin inji ta ƙara haukacewa. Mota na tsaye, inji na tafiya a hankali, sai ta yi tsalle ta kai ja, ta faɗo ƙasa, ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Likita ya sa mana ranar aikin idon a Madani, ashirin ga watan gobe, kuma Iya ba ta iya zaman bas saboda ƙugunta. Salih kuwa, ka san shi da tsoro, ya rantse ba zai hau titi da motar ba allura na yi masa ƙarya. Muka kira Gambo makanike daga Hasahisa, ya leƙa ya ce waya ɗaya ce ta yi tsatsa a bayan agogon, kafin shayi ya huce zai gama gyarawa.

Wallahi Yaya, Iya ta hana shi taɓawa. Ta ce ranar da za ka tafi ka ce kada kowa ya sa hannu a allurar nan, kai za ka gyara da kanka in ka dawo. Shekara shida fa! Na san kai ka ma manta ka faɗa. Na yi lallashi, na yi faɗa, jiya har da kukana. Sai ta kama hannuna ta ce in aka gyara, to me kuma ya rage a gidan nan da ke jiranka.

Ni ma kewarka ta ishe ni. Kada ka bugo waya ka ce a gyara. Za ta bi maganarka, amma zuciyarta za ta karye. Ka zo da kanka, ko na kwana uku ne.

Salih da Ilham suna gaishe ka. Ka gai da matarka Ruƙayya da yara. Iya ta ce ita ba ta aika gaisuwa a takarda, tana ajiye da abarta sai ka shigo.

Ƙanwarka,
Raihana