Shagon Baba a Mararraba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa gare ka da maman yara. Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka, yara kuma suna nan ƙalau. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso, cewa za ka aiko da mota a ɗauki Baba ya koma wajenka. Na san tausayi ne ya sa. Amma ka ji halin da ake ciki tukuna.

Masu faɗaɗa titi sun zo mararraba, sun shafa jan fenti a duk bangon da za a rushe. Shagon gyaran keken Baba yana ciki, da injin niƙa, da tsohon gidan waya, har da famfon da muke rububi a kai muna yara. Baba bai gane ba. Da ya ga fentin, cewa ya yi wane marar tarbiyya ne ya ɓata masa bango, ya ɗauko tsumma yana ta gogewa.

Mantuwar tasa ta ƙaru, Yaya. Jiya da sunan marigayiya Inna ya kira ni. Amma da zarar ya zauna a ƙofar shago, sai ka rantse lafiyarsa lau. Zai ba ka labarin lokacin da mararrabar ba komai sai bishiya guda da wata tsohuwa mai sayar da ruwa, har wata damina gada ta karye, direbobin manyan motoci suka maƙale a nan, masu abinci suka biyo su, kasuwa ta zauna. Ni da aka haifa a nan ban taɓa sanin karyewar gada ce ta kafa garinmu ba.

Don Allah ka ɗan dakata.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Yaya jikin naka?

An rushe shagon ranar Talata. Na ɓoye takalman Baba don kada ya fita, sai ya fita haka nan. Na tarar da shi tsaye cikin ɓaraguzai, makullin shago a hannu, yana ta juyawa yana neman ƙofa. Bai yi kuka ba. Ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san hanyar mararraba?"

Ka san wanda ya cece mu? Mai Niƙa. E, shi fa, wanda tun muna firamare ba sa ga maciji da Baba saboda ƙurar injin niƙansa da ke shigo mana shago. Ya dogaro sandarsa ya zo ya ce, "Kai Mai Faci, ka dai san na riga ka zuwa wajen nan." Baba ya juyo, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ƙarya kake yi. Ranar da aka sauke injinka, wa ya ara maka sufana?" Da wannan musun suka taka har gindin bishiyar, wadda titi bai ci ba.

Yanzu kullum da safe ni ke kai masu benci. Suna nuna fili suna jayayya, wannan ya ce nan tela yake, wancan ya ce a'a, mai aski ne. Leburorin titi ma sukan zo su saurara in sun tashi hutu. Shekaranjiya Mai Niƙa ya ja ni gefe, ya ce sa'o'insa duk sun rasu, in aka ɗauke Baba shi da wa zai yi musu.

A gidanka zai sami gado mai laushi da likita a kusa, ban musa ba. Ni ma wata rana gajiya takan sa in ji kamar in amince. Amma a can ba abin da zai duba ya tuna, a nan kuwa ko filin banza yana da suna a bakinsa.

Saboda haka ka bar direba, ka zo da kanka. Mai yiwuwa ba zai gane ka ba, kada ka ji zafi. Ka ce masa kai baƙo ne a garin. Zai kama hannunka ya zaga da kai.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta