Kada Ku Goge Muryoyin Iyayenmu Kafin Ƙarshen Wata

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke riƙe mana shafinmu na intanet,

Yallaɓai, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatanka. Ni tsohuwar malamar firamare ce a Kafanchan, na yi ritaya, kuma ni ce magatakardar zumuntar mata ta ikkilisiyarmu. Ban so a ce sai a bainar jama'a zan yi maka magana ba. Amma na rubuta wa ofishinku har na daina ƙirgawa, kullum sai a ba ni sabuwar lambar koke da sabon ma'aikaci, in sake labarin daga farko. Na gaji, Yallaɓai. Wannan karon zan faɗa sau ɗaya, kowa ya ji.

Ga abin da ke cikin shafin. Shekaru kusan goma da suka wuce, shugaban mawaƙanmu, Malam Bitrus, ya lura tsofaffin matanmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da waƙoƙin yabo na yarenmu, waɗanda ba a rubuta su a kowane littafi ba. Sai muka riƙa bin su gida-gida, daga nan har ƙauyukan Kagoma, muna ɗaukar muryarsu da waya. Wata ta rera tana ɓarar gyaɗa, wata tana kwance ba ta iya tashi. Malam Bitrus ya buɗe shafi a wurinku ya zuba su ciki. Da mun ga waƙa ta hau, sai mu goge ta daga waya don a sami wurin ɗaukar wata, domin wayoyinmu ba su da ciki. Yawancin matan nan yanzu sun huta. Shi ma Malam Bitrus ya rasu bara.

Na farko, zan fara da laifina, don kada a ce na ɓoye. Kafin ya kwanta ciwo, Malam Bitrus ya nuna mini wani maɓalli a bayan shafin, ya ce kowace Lahadi in danna shi, zai ɗauki kwafin komai ya ajiye. Ni kuwa mace ce mai bin umarni, shekara talatin da biyar ina kiran sunayen yara kowace safiya. Ko zazzaɓi nake yi sai na danna. Abin da bai gaya mini ba, wataƙila shi ma bai ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne kwafi huɗu kaɗai manhajar ke riƙewa. In na biyar ya shigo, sai mafi tsufa ya fita.

A farkon daminar bana na tafi ƙauye shukar citta, kamar yadda nake yi kowace shekara. Duk wanda ya san aikin citta ya san ba a barinsa rabi: a shuka, a yanko ganye a rufe, a bi shi da ido. Mako bakwai na yi. A can sabis sai an hau dutsen bayan majami'a, shi ma da ƙyar. To kowace Lahadi bayan sujada sai in hau da gwiwoyin nan nawa, in danna maɓallin, in ga ya rubuta an gama, in sauko ina jin na cika alkawari. Ban taɓa kunna waƙa ko ɗaya ba, don sabis ɗin ba zai ja ba. Ashe a makon da na tafi kuka kwashe shafinmu daga tsohuwar na'urarku zuwa sabuwa, sunayen waƙoƙin suka iso, muryoyin suka tsaya a baya. Wato Lahadi huɗu na farko, da hannuna na ture kwafi huɗu masu kyau na maye su da fanko. Wannan nawa ne, kuma ina kwana da shi ina tashi da shi.

Na biyu, sanarwarku. Ma'aikatanku sun ce kun aiko da gargaɗi tun kafin ƙaurar, cewa manhajar da aka gina shafinmu da ita ta tsufa, mai yiwuwa wasu abubuwa ba za su bi ba. Ban musa ba. Amma kun aika ne zuwa imel ɗin Malam Bitrus, mutumin da muka binne da hannunmu. Tun bayan rasuwarsa na rubuto na sanar da ku, na roƙi a sa sunana a madadinsa. Aka amsa mini da godiya, aka ce ana dubawa. Har yau ana dubawa.

Na uku, kwafin da kuke ɗauka da kanku. Tallarku ta ce kullum kuna ɗaukar hoton shafin mutum, ta yadda in abu ya lalace za a mayar da shi yadda yake jiya ko shekaranjiya. Da wannan muka kwantar da hankalinmu. Sai da abin ya faru aka ce mini na kwana talatin kawai kuke riƙewa. Ni kuwa ban gane ɓarnar ba sai da na dawo gari, lokacin da Mama Hannatu ta zo gidana tana son jin muryar mahaifiyarta, marigayiya Kaka Laraba, wadda ita kaɗai ta ba mu waƙoƙi fiye da kowa. Na danna, shiru. Na danna ta gaba, shiru. Ta dube ni ta ce, "Malama, muryan Mama yana ciki har yanzu ko?" Na ce mata yana ciki, matsalar waya ce. Kwana talatin wataƙila ya ishi mai kanti a Legas da ke leƙa shafinsa safe da yamma. Mu nan damina ɗaya tana cinye fiye da haka kafin mutum ya ɗaga kai.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Wata ma'aikaciyarku, Allah ya yi mata albarka, ta gaya mini cewa tsohuwar na'urar tana nan ba a goge ta ba tukuna, sai ƙarshen wannan wata. Wato muryoyin suna nan a hannunku yanzu haka. Na ce to a ciro mana. Aka ce mai asusun ne kaɗai zai iya nema. Na ce ya rasu. Aka ce za a tura lambar sirri zuwa wayarsa. Na je wurin matarsa, Mama Saratu, ta buɗe akwati ta ɗauko wayar a naɗe cikin ɗankwali, muka tarar an daɗe da ba wa wani mutum layin. Na ce ina da takardar shaidar rasuwa da wasiƙar fastonmu. Aka ce fom ɗin ba shi da wurin liƙa takarda. Da na matsa, sai aka rufe maganar da cewa ai dama kamfani ya daina tallafa wa wannan tsohuwar manhaja, in sabunta. Yallaɓai, in sabunta me? Ban ce ku gyara mini manhaja ba. Ku jefar da ita in kun ga dama, ba ta haife ni ba. Abin da ke cikinta nake nema.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka ba da umarni a dakatar da goge tsohuwar na'urar, ko da ɓangarenmu kaɗai ne. Ka sa mutum ɗaya mai suna, ba lambar koke ba, ya karɓi takardunmu ya duba su. In ya gamsu, a kwafe mana muryoyin yadda suke, ko ba a jere ba, ko ba sunaye. Mu za mu zauna mu saurara, mun san muryar kowace. In sai na zo ofishinku da kaina, ka faɗi rana, zan shiga mota. Sauran gyaran, wato ku samar da hanyar da magada za su bi in mai asusu ya mutu, na bar wa lamirinku.

Har yanzu ban gaya wa matan zumunta ba. Ranar Talatar da ta wuce muna koyon ɗaya daga cikin waƙoƙin Kaka Laraba, ana buga tulu, murya ta hau. Da muka kai baiti na uku sai aka fara raguwa, wannan ta yi shiru, waccan ta yi shiru, har tulun ya tsaya. Babu wadda ta tuna abin da ke gaba. Duka suka juyo gare ni, uwar zumunta ta ce, "Malama, kunna mana mu ji." Na ce wayata ba caji. Tana cikin jakata a cike da caji. Shekarata sittin da bakwai, a cikin majami'a, a gaban matan da na koyar da 'ya'yansu faɗin gaskiya. Talata biyu suka rage kafin wata ya ƙare, kuma ba ni da ƙarfin yin ƙarya ta uku.

Ubangiji ya ba ka hikima da zuciya mai saurare, ya albarkaci aikin hannunka, ya kiyaye ka da iyalinka. In iyayenka suna raye, ya ƙara musu kwana, ka ji muryarsu har ka ƙoshi.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Magatakardar zumuntar mata,
Kafanchan.